TALLA, ZANE DA WATANNIN KOYON AIKI

Gabatarwa

Mu da muka rubuta wannan takarda tsofaffin ɗaliban makarantar nan ne. Yanzu muna karatu a kwalejojin kimiyya da fasaha da jami'o'i dabam-dabam, wasu a fannin zane, wasu a fannin aikin jarida da talla. Mun haɗu a lokacin hutu, hira ta kai mu ga abin da kowa ya gani a wurin koyon aiki, sai muka ga bai kamata zancen ya tsaya a tsakaninmu ba, tun da akwai ƙannenmu da za su biyo wannan hanya.

Ba mu manta ba, ranar da wasunmu suka gaya wa iyayensu cewa zane za su karanta, gida ya yi tsit. Wani uba cewa ya yi, "Duk kuɗin makarantar da na biya, ashe mai fentin shago zan samu?" Wata uwa kuwa ta ce ba ta yarda 'yarta ta shiga aikin talla ba, domin a ganinta talla da ƙarya uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ba mu ga laifin iyayen nan ba, ƙauna ce ta sa suka faɗi haka. Amma ga ra'ayinmu: zane da talla sana'a ce ta mutunci, tana ciyar da mai ita, tana kuma amfanar jama'a. Sai dai ko ɗalibi zai fito gwani mai gaskiya, ko zai fito maƙaryaci mai iya kwamfuta, yawanci a watannin koyon aiki ake yanke wannan. Saboda haka bai kamata a bar watannin nan a hannun sa'a ba.

Zane ba wasan yara ba ne

Shekara shida muka yi muna tsayawa a filin taro gaban tutar Nijeriya. Mu nawa ne muka taɓa tambayar wanda ya zana ta? Ɗalibi ne. Sunansa Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatun injiniyan lantarki a wata kwaleji a Landan lokacin da ya ga sanarwar gasar zana tuta a jarida. A 1959 aka zaɓi zanensa daga cikin zane fiye da 2,000, aka ba shi ladan fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore da fari. Ko gwani ma sai an gyara masa aiki. Akinkunmi ya rasu a 2023, tutarsa kuwa tana nan tana kaɗawa a ƙofar makarantarmu.

A Amurka ma an yi haka. Alamar nan da ke jikin takalman Nike, mai kama da makin da malami kan yi da jan biro idan ka ci lissafi, wata ɗaliba ce ta zana ta a 1971. Sunanta Carolyn Davidson, tana karatu a jami'ar Portland State, kuma dala 35 aka biya ta. Sai a 1983 kamfanin ya tuna da ita, ya ba ta zoben zinariya da hannun jari. Labarinta ya koya mana abu biyu: aikin ɗalibi yana iya zaga duniya, kuma ɗalibin da bai san darajar aikinsa ba zai sayar da shi da arha.

Ba sai mun je ƙasar waje ba. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo. Abin da suka nace a kai shi ne kada su kwaikwayi Turawa ido rufe, gara su haɗa dabarun da ake koya musu da zanen da suka gada a gida. Yau sunayensu suna cikin littattafan tarihin fasaha. Ku kuma juya takardar naira 20, za ku ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. A hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta fara koyo tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Da koyon aiki ta fara, ba da takardar shaida ba.

Wanda ya ɗinka aska takwas a gaban babbar riga, da wadda ta yi wa ƙwarya zane, da maginin da ya yi wa ƙofar zaure dagi, da mai rubuta kirari a bayan babbar mota, duk masu zane ne. Abin da muke karantawa a kwaleji ci gaban aikinsu ne, kayan aiki ne kawai suka sake.

Talla ƙarya ce?

A nan ne muka fi yin gardama a tsakaninmu. Ɗaya daga cikinmu ya ce shi tun da ya shiga wannan fanni bai ga tallan da babu ƙari a ciki ba. Sabulu ba ya sa iyali dariya, lemon kwalba ba ya kawo abokai, amma haka ake nunawa. Wata ta ba shi amsa da cewa Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha. Idan manomi bai san akwai irin da ke nuna da wuri ba, ko uwa ba ta san ranar rigakafi ba, waye ya yi hasara? A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka, kuma Nijeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta rage. Babban yabo na ma'aikatan da suka bi gida-gida ne, amma akwai wanda ya zana fostar da aka liƙa a asibiti, akwai wanda ya rubuta sanarwar da aka yi ta ji a rediyo.

Talla ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai shelar sarki, da dillali, da mai kiran ciniki a bakin rumfa, sun riga jarida zuwa. Jarida ta farko a ƙasar nan, Iwe Irohin, a 1859 Henry Townsend ya fara buga ta a Abeokuta. A 1928 aka kafa kamfanin West African Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas, daga nan talla ya zama aikin ofis mai ma'aikata da albashi.

Bayan doguwar muhawara mun tsaya a kan cewa akwai ado, akwai kuma ha'inci. Mai lemo da ya goge lemonsa ya jera shi yana ƙyalli, ado ya yi. Wanda ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando, ha'inci ya yi. Ma'aunin da muka samu shi ne mai zane ya tambayi kansa: da mai saye ya san abin da na sani, zai saya? Idan amsar a'a ce, to abin da ke kan allon ha'inci ne, komai kyan launinsa.

Wasu iyalai har yau suna tuna MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, sa'an nan ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Da takardun talla da hotuna a waya abin ya yaɗu, kuma kowace takarda akwai hannun da ya tsara ta. Dokoki suna nan. A 1988 aka kafa hukumar APCON don kula da sana'ar talla, a 2022 sabuwar doka ta maye gurbinta da ARCON, wadda ke da kwamitin tantance talla kafin ya fita. Tallan magani sai da amincewar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Dokar 2015 ta hana tallan taba a kafofin yaɗa labarai. Amma hukuma ba za ta iya tsayawa bayan kowace kwamfuta a kowane shagon buga takardu ba. A can, daga mai shago sai yaron da ke riƙe da linzami, kuma sau da yawa yaron nan ɗan koyon aiki ne.

Abin da koyon aiki ya koya mana

Ga ƙannenmu da ba su sani ba, a 1971 gwamnati ta kafa hukumar horar da ma'aikata ta ITF, mai hedkwata a Jos. A 1973 hukumar ta ƙirƙiro shirin SIWES, domin masu kamfanoni suna kukan cewa ɗalibai suna fitowa da ilimin littafi amma ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Yawanci ɗan kwalejin kimiyya da fasaha yakan yi wata 4, ɗan jami'a wata 6. Wanda ya gama ƙaramar difloma kuma yakan yi shekara guda yana aiki kafin ya koma neman babbar difloma. Ana ba ɗalibi littafin rahoto, wanda muke kira logbuk, ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum, mai kula da shi a wurin aiki ya sa hannu, malami daga makaranta kuma ya kawo ziyara.

Shirin yana da kyau, kuma waɗanda suka dace da wuri mai kyau a cikinmu sun ce gani ya kori ji. A aji an gaya mana cewa allon kwamfuta da haske uku yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki. Mun rubuta wannan a jarrabawa mun ci. Amma ba mu gane ba sai ranar da ɗayanmu ya ga shuɗinsa mai haske ya fito daga inji ya dushe, mai aikin kuma yana tsaye yana jira. A shago muka koyi cewa hoton da aka sauko da shi daga WhatsApp yana iya yin kyau a waya, amma idan aka buɗe shi a babbar takarda sai ya farfashe, domin bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. A can muka koyi barin rarar milimita 3 a gefen zane saboda wuƙar yanka takarda ba ta faɗuwa daidai kullum. A can muka koyi mai da haruffa su zama zane a CorelDRAW kafin a kai aiki wata kwamfuta, don kada rubutun ya sake kama.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne mun koyi lissafi da zama da mutane. Nawa ne takarda, nawa ne tawada, nawa man janareto zai ci, nawa za a bari saboda kuskure? Yaya za ka gaya wa Alhaji mai shekara 60 cewa sunayen kayansa 20 ba za su karantu a allo ɗaya ba, tun da mai wucewa a mota 'yan daƙiƙoƙi kawai yake da su, ba tare da ya ga ka raina shi ba? Babu littafin da ya koya mana wannan.

Abin da ke damunmu

Amma ba kowa ne ya dace ba. Wani a cikinmu wata huɗu ya yi a wani babban ofis mai sanyi, bai taɓa kwamfutar aiki ba ko sau ɗaya. Aikinsa shi ne sayo abinci, da kai saƙo banki, da wanke kofin shayi. Wata kuma aka ce mata babu kujera, ta je gida ta dawo a ƙarshen wata a sa mata hannu. Akwai inda sai an ba da wani abu kafin a karɓi ɗalibi. 'Yan'uwanmu mata sun faɗi abin da ya fi wannan muni: akwai masu sa hannu da suke ɗaukar biron nan tamkar tarko. Wasunmu kuma har suka gama ba su ga fuskar malamin da ya kamata ya ziyarce su ba.

Kada mu ɗora wa wasu laifi mu manta da namu. Mu ma ɗalibai akwai masu son banza a cikinmu. Wani da gangan yake neman ofishin kawunsa don ya sami hutun wata huɗu. A daren ƙarshe sai ya ari logbuk ɗin abokinsa ya kwafe, ya sake launin biro don a ga kamar kwana dabam-dabam ne. Muna ganin wannan ita ce ƙarya ta farko a sana'ar mutum, kuma ita ce uwar sauran. Wanda ya saba rubuta aikin da bai yi ba a littafinsa, ba zai ji nauyin rubuta amfanin da magani ba shi da shi a jikin kwalba ba.

Masu shaguna suna da tasu hujja, kuma mun saurare ta. Sun ce ɗan koyo yana ɓata kaya. Kuskuren harafi ɗaya a katin biki 500 hasara ce da ba makaranta za ta biya ba. Sun ce suna horar da yaro, da ya iya sai ya tafi, wani lokaci har da masu kawo musu aiki. Wannan gaskiya ne. Amma maganinsa a fara wa ɗalibi da ƙaramin aiki, a duba kafin a buga, a riƙa ƙara masa a hankali. Shi kansa mai shagon, wani ne ya yi haƙuri da ɓarnarsa kafin ya zama oga. Idan kowa ya ƙi koyarwa, nan da shekara 10 wa zai ɗauka aiki?

Ranar jarrabawa ta gaskiya

Za mu ba da labarin wata 'yar'uwarmu, da izininta. Tana koyon aiki a wani shagon buga takardu, sai wani mutum ya kawo kwalbar maganin gargajiya yana son a yi masa takardar liƙawa. Ya ce a rubuta cewa maganin yana warkar da ciwon sukari da hawan jini da ciwon daji, kuma wanda ya fara sha ya daina na asibiti. Ya ce a sa hoton mutum da farar rigar likita. Ya kuma fito da wata kwalba dabam, ya ce a kwafi lambar hukuma da ke jikinta. Oga ya miƙa mata aikin.

Gwaggonta tana da ciwon sukari, kuma ta san abin da zai faru idan ta bar maganinta. Ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Zan yi zanen, amma layin nan da lambar nan ba zan iya sa su ba."

Ya ce, "Ke 'yar koyo, yaushe kika zama likita? Mu namu bugawa, abin da ke cikin kwalba ruwan mai kwalba ne."

Aka ba wani yaro aikin, aka buga, mutumin ya kwashi kayansa. Ita kuwa mako biyu tana naɗe takardu a bayan shago, ba mai yi mata magana, kuma sai da ta yi ta zarya kafin a sa mata hannu.

To me ta samu, tun da an buga takardar? Mun yi wa kanmu wannan tambaya. Ba ta ceci kowa ba a ranar, gaskiya ne. Amma wani a cikinmu ya furta cewa shi an ba shi irin wannan aiki, na masu cewa za su ninka wa mutane kuɗi, ya yi shiru ya yi. Bayan 'yan makonni ya ga takardar a liƙe a bangon unguwarsu, kusa da inda mahaifiyarsa ke saye da sayarwa. Ya ce har yau idan ya tuna sai gabansa ya faɗi. Ita tana barcinta lafiya.

Zancen "mu namu bugawa" bai gamsar da mu ba. Da mai maganin ya rubuta ƙaryarsa da gawayi a jikin kwali, mutane kaɗan ne za su yarda. Gwanintarmu ce take sa a gaskata shi: farar rigar, da koren ganyen, da hatimin da ya yi kama da na gwamnati. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Amma kuma ba daidai ba ne a bar yarinya 'yar shekara 19 ta tsaya ita kaɗai gaban wanda makinta ke hannunsa. Da malaminta yana zuwa, da tana da wanda za ta kai wa kuka, da tana da damar sake wuri ba tare da ta rasa shekara ba, faɗin a'a ba zai yi mata tsada haka ba. Muna son ɗalibai masu ƙarfin hali, muna kuma son tsarin da ba ya hukunta su saboda shi.

Hausa a kan allon talla

Akwai wani abin da ya shafe mu musamman. Ku duba allunan da ke kan titi, ku ga yadda ake yi wa Hausa. Yawancin nau'o'in haruffan kwamfuta masu ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai mai zane ya cire lanƙwasar ya wuce. Shi ya sa za ka ga an rubuta "Maraba da baki" a ƙofar taro, alhali baƙi ake nufi. Mun taɓa ganin tallan takunkumi na lokacin hunturu yana cewa ka kare kanka daga kura. Ƙura suke nufi, amma mai karatu sai ya waiwaya. Gyaran ba wuya: a zaɓi haruffan da ke da lanƙwasa, a kuma ba wanda ya iya karatun Hausa ya duba kafin a buga.

Na biyu shi ne fassara. Sau da yawa da Turanci ake tunanin talla a wani gari mai nisa, sa'an nan a juya shi kalma bayan kalma. Kalmomin na Hausa ne, amma babu Bahaushen da ke magana haka. Gwajin da muke yi mai sauƙi ne: karanta wa tsohuwa a gida. Idan ta ce "Me ka ce?", koma ka sake.

Wannan matsala ƙofa ce a gare mu. Miliyoyin mutane ne ke ciniki da Hausa a Nijeriya da Nijar da zango-zangon Ghana da arewacin Kamaru. A 2022 ARCON ta ba da umarni cewa daga 1 ga Oktoba na shekarar, 'yan ƙasa za a riƙa sawa a hoto da murya a tallan da ake yi don Nijeriya. Ɗalibin da ya iya zane, ya kuma iya rubuta Hausa mai daɗi da ƙa'ida, yana da abin da mutane da yawa ba su da shi. Kada ku raina darasin Hausa.

Wasu ƙannenmu sun tambaye mu ko kwamfuta ba ta riga ta cinye sana'ar ba, tun da da Canva kowa yana iya haɗa katin biki a waya, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi. Gaskiya ƙananan ayyuka da yawa sun bar hannun masu zane. Amma har yanzu ana bukatar wanda zai zauna da mai kaya ya gane abin da yake so, ya san abin da inji zai iya, ya kuma ɗauki alhakin abin da aka rubuta. Yanzu da ake iya ƙirƙiro hoton likitan da ba a taɓa haifa ba, bukatar mai zane mai gaskiya ƙaruwa ta yi.

Shawarwarinmu

Ga ƙannenmu: ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sami littafin zane tun yanzu, ku riƙe lissafi da Hausa da Turanci. A dogon hutu ku roƙi wani mai shagon bugu ko tela ko mai ɗaukar hoto ya bar ku ku zauna kusa da shi. Idan lokacin koyon aiki ya zo, ƙaramin shago inda za ku taɓa inji ya fi babban ofis inda za ku wanke kofi. Ku rubuta gaskiya a logbuk, ko da abin da za ku rubuta shi ne yau ba a ba ni aiki ba. Ku nemi izini ku ajiye kwafin duk abin da kuka yi, domin shi mai ɗaukar aiki zai tambaya kafin takarda.

Ga iyayenmu: idan yaro yana cika bayan littafinsa da zane, kada a yi saurin cewa wasa yake. Idan kuma ya tafi koyon aiki, a riƙa tambayarsa abin da ya koya a makon. 'Ya mace musamman, a san inda take da wanda ke kula da ita.

Ga malamanmu: muna roƙo a bar ɗalibai su riƙa zana bangon wannan mujalla da fostocin ranar wasanni, malami yana dubawa. Ko bai kai na kamfani kyau ba, namu ne.

Ga iyaye da yayye a ikilisiya da cikin gari masu shaguna da ofisoshi: ku karɓi ɗalibi ko ɗaya a shekara, ku ba shi aiki na gaske, da ɗan kuɗin mota idan da hali. Kada ku sa hannu a kan aikin da ba a yi ba, ko da ɗan amininku ne.

Ga kwalejojinmu: ziyarar malami ba alfarma ba ce, tana cikin shirin. A kuma ba ɗalibi hanyar kai ƙara da sake wuri.

Kammalawa

A watan Janairu na 1939 aka fara buga wata jaridar Hausa a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, aka kuma sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sunan nan shi kansa talla ne, kuma har yau ba a manta da shi ba. Irin tallan da muke fatan koyon yi ke nan. Mun san ba mu iya ba tukuna, 'yan koyo ne mu. Abin da muke roƙo shi ne a koya mana da gaske, kada kuma a sa mu ƙarya tun ba mu fara ba.

Muna yi wa 'yan aji shida fatan nasara a jarrabawa. Duk wanda yake sha'awar wannan fanni ya neme mu ranar taron tsofaffin ɗalibai, za mu zo da ayyukanmu, har da waɗanda muka ɓata. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.

Daga wasu tsofaffin ɗalibai da ke manyan makarantu